Alfred Russel Wallace

Alfred Russel Wallace (8 ga Janairu, 1823 – 7 ga Nuwamba, 1913) Bature ne ɗan ƙasar Birtaniya, masanin dabbobi da tsirrai, matafiyi kuma marubuci. An fi saninsa da gano ƙa'idar zaɓin yanayi, wato bayanin da masana kimiyyar halittu suke yi na yadda nau'o'in halittu suke sauyawa a tsawon zamani. Ya kai ga wannan ƙa'ida shi kaɗai a shekarar 1858, ba tare da ya san cewa Charles Darwin ya shekara ashirin yana aiki a kanta ba. Takardar da ya aika wa Darwin a wannan shekara ita ce ta sa Darwin ya gaggauta fitar da nasa littafin a 1859.

Wallace bai yi karatun jami'a ba. Ya bar makaranta bai cika shekara 14 ba, ya koya wa kansa ilimin halittu ta hanyar karance-karance da yawo a daji. Ya shekara huɗu a yankin kogin Amazon da ke Brazil, ya kuma shekara takwas a tsibiran da a yau suke cikin ƙasashen Indonesiya da Maleshiya, yana kama ƙwari da tsuntsaye yana sayarwa domin ya ciyar da kansa. Ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kafa harsashin ilimin rarrabuwar dabbobi a doron ƙasa. A cikin wannan maƙala, kalmar nau'i tana nufin rukunin halittu da suke hayayyafa a tsakaninsu, kamar yadda zaki nau'i ne daban, damisa nau'i daban.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Wallace a ƙauyen Llanbadoc, kusa da garin Usk a yankin Wales. Shi ne na takwas cikin 'ya'ya tara na Thomas Vere Wallace da Mary Anne Greenell. Yana ɗan shekara biyar iyalinsa suka koma garin Hertford da ke arewa da Landan, inda ya shiga makaranta. Dukiyar mahaifinsa ta karye, saboda haka a ƙarshen 1836 aka cire shi daga makaranta. Ya zauna ɗan lokaci a Landan wajen wansa John, yana zuwa sauraron laccocin dare da ake shirya wa ma'aikata, sannan a 1837 ya koma wajen babban wansa William ya fara koyon aikin safiyo.

Aikin safiyo ya kai shi karkarar Ingila da Wales na kusan shekara shida. A nan ya koyi awon ƙasa da zanen taswira da lura da duwatsu, kuma a nan ya fara sha'awar tsirrai bayan ya sayi wani ƙaramin littafi mai araha a kansu. A 1844 ya sami aikin koyarwa a wata makaranta a garin Leicester. A ɗakin karatu na garin ya karanta littafin Thomas Malthus na 1798 a kan yawan jama'a, wanda ya yi bayanin cewa mutane suna hayayyafa fiye da yadda abinci yake ƙaruwa, sai yunwa da cuta da yaƙi su rage su. A garin kuma ya haɗu da Henry Walter Bates, wani saurayi mai koyon sana'ar safa wanda shi ma ya koya wa kansa ilimin ƙwari. Bates ya nuna masa ɗaruruwan ƙwari masu sulke, dangin buzuzu, da ya tara a kewayen garin kaɗai. Daga nan Wallace ya shiga tara ƙwari. Bayan rasuwar William a 1845, ya koma garin Neath ya ci gaba da aikin safiyo, musamman na hanyoyin jirgin ƙasa, abin da ya ba shi damar tara ɗan kuɗi.

Ra'ayoyin da suka gabace shi

Tunanin cewa halittu suna sauyawa ya girmi Wallace da Darwin. Tun a ƙarni na tara, Al-Jahiz na Basra ya yi magana a littafinsa Kitab al-Hayawan a kan yadda dabbobi suke cin junansu da yadda muhalli yake tasiri a kansu, ko da yake masana tarihi sun yi saɓani a kan ko za a kira wannan ra'ayin juyin halitta. A Faransa, Jean-Baptiste Lamarck ya rubuta a 1809 cewa dabba tana sauya gaɓoɓinta ta hanyar yawan amfani da su, sannan 'ya'yanta su gaji sauyin. A Birtaniya, Charles Lyell ya nuna a littafinsa na ilimin duwatsu cewa duniya ta daɗe ƙwarai, kuma ƙananan sauye-sauye irin na zaizayar ƙasa suna taruwa su zama manya. A 1844 aka buga wani littafi mai suna Vestiges of the Natural History of Creation ba tare da sunan marubuci ba, daga baya aka san cewa Robert Chambers ne. Littafin ya yi da'awar cewa nau'o'i suna fitowa daga wasu nau'o'i. Masana sun yi masa ca, amma Wallace da ya karanta shi a 1845 ya ɗauki da'awar a matsayin abin da ya cancanci a bincika.

Abin da ya rage a lokacin shi ne bayanin hanyar da sauyin yake faruwa. A wata wasiƙa da ya rubuta wa Bates a 1847, Wallace ya ce yana son ya yi nazarin dangi ɗaya na halittu sosai domin ya fahimci asalin nau'o'i.

Tafiyar Amazon (1848–1852)

A watan Afrilun 1848 Wallace da Bates suka tashi daga Liverpool a wani jirgin ruwa mai suna Mischief, suka isa garin Pará, wanda yanzu ake kira Belém, a ƙarshen watan Mayu. Ba gwamnati ce ta tura su ba, kuma ba su da albashi. Dabararsu ita ce su kama ƙwari da tsuntsaye, su busar da su, su aika wa wani dillali a Landan mai suna Samuel Stevens, shi kuma ya sayar wa gidajen tarihi da attajirai masu sha'awar tara irin waɗannan abubuwa, ya cire la'adarsa. Daga baya suka rabu, kowa ya kama gabansa. Bates ya shekara 11 a yankin, Wallace kuma ya bi kogin Rio Negro da reshensa Uaupés, ya zana taswirarsu.

Wannan sana'a ta yi tasiri a kan tunaninsa. Mai sayar da ƙwari yana buƙatar ya kama da yawa daga nau'i ɗaya, saboda haka Wallace ya riƙa ganin cewa ko a cikin nau'i ɗaya babu biyu da suka yi daidai, akwai bambancin girma da launi da tsawon fiffike. Ya kuma saba da rubuta ainihin wurin da ya kama kowace dabba. Ta haka ya lura cewa manyan koguna iyaka ne ga birai: nau'in da yake wannan gaɓa ba a samunsa a waccan, sai dai wani makusancinsa. Mafarautan yankin sun riga sun san haka, domin sukan ƙetare kogi idan suna neman wani nau'i na musamman. Ya gabatar da wannan bayani a wata takarda a 1852.

Tafiyar ta zo masa da asara. Ƙanensa Herbert, wanda ya biyo shi a 1849, ya rasu a Pará a 1851 sakamakon zazzaɓin shawara. Shi kansa Wallace ya sha fama da zazzaɓi har ya kusa mutuwa. A ranar 12 ga Yulin 1852 ya hau jirgin ruwa mai suna Helen zuwa gida, tare da kayan da ya tara na shekaru biyu na ƙarshe, waɗanda jami'an kwastan suka riƙe ba a aika da su tun farko ba. A ranar 6 ga Agusta jirgin ya kama da wuta a tsakiyar tekun Atlantika, domin yana ɗauke da wani danƙon itace mai saurin cin wuta. Wallace ya tsira da 'yan zane-zanen kifaye da na itatuwa dangin giginya da wasu takardu kaɗan. Shi da ma'aikatan jirgin sun kwana goma a ƙananan kwale-kwale kafin wani jirgi mai suna Jordeson ya tsince su. Ya isa Ingila ranar 1 ga Oktoba. Stevens ya riga ya yi wa kayan inshora, don haka aka biya shi fam 200. Duk da asarar, ya buga littattafai biyu a 1853, ɗaya a kan itatuwa dangin giginya da amfaninsu, ɗaya kuma labarin tafiyar, wanda ya ƙunshi jerin kalmomi na wasu harsunan mutanen yankin.

Tsibiran Malay (1854–1862)

A watan Afrilun 1854 Wallace ya sauka a Singafo. Cikin shekara takwas ya yi tafiyar kimanin mil 14,000, wato sama da kilomita 22,000, tsakanin tsibirai irin su Borneo, Java, Sumatra, Sulawesi, Timor, Maluku, Aru da Sabuwar Gini, sau da yawa a ƙananan jiragen ruwa na 'yan kasuwar yankin. Bisa ƙididdigarsa, ya tara halittu 125,660. A cikinsu akwai ƙwari masu sulke 83,200, malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta 13,100, sauran ƙwari 13,400, tsuntsaye 8,050, bawon katantanwa da danginta 7,500, dabbobi masu shayarwa 310, da masu jan ciki 100. Dubbai daga cikinsu nau'o'i ne da masanan Turai ba su taɓa gani ba. Ya yi nazarin birin orangutan a Borneo, da tsuntsayen da Turawa suka laƙaba wa suna tsuntsayen aljanna a tsibiran Aru, ya kuma koma Landan da biyu daga cikinsu da rai.

Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Ya yi aiki da mataimaka da mafarauta da matuƙa jirgi masu yawa daga mutanen yankin. Fitacce a cikinsu shi ne Ali, wani yaro ɗan ƙabilar Malay daga Sarawak, wanda ya fara da aikin girki a 1855, daga baya ya zama babban mai harbo tsuntsaye da feɗe su. Ali ne ya harbo wani sabon nau'in tsuntsun aljanna a tsibirin Bacan a 1858, amma sunan Wallace aka sa wa tsuntsun, Semioptera wallacii. Bayan sun rabu a 1862 ya riƙa kiran kansa Ali Wallace, kuma masanin dabbobi ɗan Amurka Thomas Barbour ya gamu da shi a Ternate a 1907 yana tsoho.

Wallace ya koyi harshen Malay, ya kuma riƙa rubuta kalmomin harsunan da ya ci karo da su. A ƙarshen littafinsa The Malay Archipelago na 1869 akwai jerin kalmomi 117 a harsuna 33.

Dokar Sarawak da Layin Wallace

A watan Fabrairun 1855, lokacin damina ta hana shi fita a Sarawak, Wallace ya rubuta wata takarda da aka buga a Landan a watan Satumba. A ciki ya tattara hujjoji daga rarrabuwar dabbobi da kuma burbushin halittun da suka zama dutse, ya nuna cewa duk inda aka sami sabon nau'i, ana samunsa ne a wuri da zamanin da wani makusancinsa ya riga ya kasance. Ana kiran wannan Dokar Sarawak. Takardar ba ta faɗi hanyar da sauyi yake faruwa ba, amma ta ja hankalin Lyell, wanda ya shawarci Darwin a 1856 da ya fara rubuta ra'ayinsa kafin wani ya riga shi.

A tsakiyar 1856 Wallace ya rasa jirgin da zai kai shi Makassar kai tsaye daga Singafo, sai ya bi ta tsibiran Bali da Lombok. Mashigin tekun da ya raba su bai wuce kilomita 40 ba a inda ya fi faɗi, kuma yanayinsu kusan ɗaya ne. Duk da haka, a Bali ya ga tsuntsaye irin na Asiya kamar maƙwaƙwafi, a Lombok kuwa ya tarar da fararen aku masu tukku da wasu tsuntsaye masu binne ƙwai a cikin tarin ƙasa, waɗanda dangin na Ostareliya ne. Ya ci gaba da bin wannan iyaka zuwa arewa, tsakanin Borneo da Sulawesi. A yammacinta akwai karkanda da giwa da damisar Asiya da manyan birai. A gabashinta kuwa, sannu a hankali dabbobi masu jakar goyo a ciki, dangin kangaru, suke fara bayyana.

Bayaninsa shi ne zurfin teku. Tekun da ke tsakanin Asiya da Sumatra da Java da Bali da Borneo ba shi da zurfi, don haka a wani zamani duk ƙasa ɗaya ce, dabbobi suka bi ta ƙafa. Mashigin Lombok kuwa yana da zurfi, bai taɓa ƙafewa ba a wancan zamani. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa a zamanin ƙanƙara ruwan teku ya ja baya da kimanin mita 120, abin da ya dace da bayaninsa. A 1868 Thomas Henry Huxley ya sa wa wannan iyaka suna Layin Wallace.

Takardar Ternate da zaɓin yanayi

A watan Fabrairun 1858 Wallace yana kwance da zazzaɓin cizon sauro a yankin Maluku. Ya sa wa takardarsa sunan tsibirin Ternate, inda yake da gida, amma masana tarihi da yawa suna ganin a lokacin yana tsibirin Halmahera da ke kusa. Bisa ga labarin da ya bayar daga baya, yana cikin rawar ɗarin zazzaɓi ne ya tuna littafin Malthus, ya tambayi kansa dalilin da ya sa wasu dabbobi suke mutuwa wasu suke tsira. Da ya sami sauƙi ya rubuta takardar cikin 'yan kwanaki.

Ana iya taƙaita hujjar a matakai huɗu. Na farko, kowace halitta tana haifar 'ya'ya fiye da waɗanda abinci da wuri za su iya ɗauka, amma yawan nau'in ba ya ƙaruwa ba iyaka, ke nan mafi yawansu suna mutuwa. Na biyu, 'ya'yan nau'i ɗaya sun bambanta da juna. Na uku, waɗanda bambancinsu ya taimaka musu wajen samun abinci ko guje wa abokan gaba ko jure fari sun fi samun damar tsira su hayayyafa. Na huɗu, 'ya'ya suna gadon siffofin iyaye, don haka idan aka daɗe, musamman idan muhalli ya sauya, zuriyar za ta yi nisa da asalinta har ta zama nau'i daban. Ya kawo misalin raƙumin dawa domin ya bambanta ra'ayinsa da na Lamarck. A ganinsa, miƙa wuya bai ƙara wa kowace dabba tsawo ba. Waɗanda aka haifa da wuya mai ɗan tsawo su ne suka kai ga ganyen da sauran ba su kai ba, suka tsira lokacin ƙarancin abinci.

Wallace ya aika wa Darwin takardar, domin sun riga sun fara musayar wasiƙu, ya roƙe shi ya miƙa wa Lyell idan ya ga ta cancanta. Ta isa hannun Darwin ranar 18 ga Yunin 1858. Darwin, wanda ya zagaya duniya a jirgin Beagle daga 1831 zuwa 1836, ya kai ga wannan ra'ayi tun 1838, ya rubuta shi a 1842 da 1844, amma bai buga ba. Abokansa Lyell da Joseph Hooker suka shirya aka karanta takardar Wallace tare da wani ɓangare na rubutun Darwin na 1844 da wasiƙarsa ta 1857 zuwa ga Asa Gray, a taron ƙungiyar masana halittu ta Linnean Society a Landan, ranar 1 ga Yulin 1858. Babu ɗayansu a wajen taron. Wallace yana Sabuwar Gini bai ma san ana yi ba, Darwin kuma yana makokin ƙaramin ɗansa da ya rasu kwana uku kafin nan. An buga takardun a watan Agusta, ba su ja hankali sosai ba, sai da littafin Darwin On the Origin of Species ya fito ranar 24 ga Nuwamban 1859.

Wasu marubuta a ƙarni na 20 sun yi zargin cewa Darwin ya karɓi wasiƙar da wuri ya ɗebi wasu abubuwa daga cikinta. Mafi yawan masana tarihi ba su yarda da zargin ba, saboda littattafan ajiyar Darwin na shekarun baya suna nan. Wallace kansa ya nuna jin daɗinsa da abin da aka yi, ya sadaukar wa Darwin littafinsa na 1869, ya sa wa wani littafinsa na 1889 suna Darwinism, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki gawar Darwin a 1882.

Inda ya bambanta da Darwin

Darwin ya gina hujjarsa a kan kiwo: kamar yadda makiyayi yake zaɓen bijimin da zai bar wa garke, har aka sami iri daban-daban irin su bunaji da rahaji a cikin shanu, ko balami da uda a cikin tumaki, haka yanayi yake tacewa. Wallace yana ganin dabbobin gida ba misali ne mai kyau ba, tunda mutum ne yake kare su. Bai kuma gamsu da kalmar zaɓi ba, domin tana sa mutane su zaci akwai mai zaɓa da niyya. Sun kuma yi saɓani a kan launin tsuntsaye. Darwin ya ce mata ne suke zaɓen mazan da suka fi ado, Wallace kuma ya fi ba da ƙarfi ga cewa macen da take kwanci a sheƙa tana buƙatar launi maras ƙyalli domin ta ɓuya. A 1867 ya kawo bayanin cewa launi mai ɗaukar ido a jikin wasu tsutsotsi gargaɗi ne ga tsuntsaye cewa suna da ɗaci ko guba, kuma gwajin da John Jenner Weir ya yi a 1869 ya goyi bayansa.

Babban saɓaninsu a kan ɗan'adam ne. Daga 1869 Wallace ya tsaya a kan cewa zaɓin yanayi bai isa ya yi bayanin hankali da lissafi da kiɗa da sanin ya kamata na mutum ba, dole akwai wani iko mafi girma da ya shiryar da su. Darwin bai ji daɗin wannan ba. Batun asalin ɗan'adam shi ne ɓangaren da ya fi jawo muhawara tun wancan zamani, kuma har yau malaman addini da yawa, Musulmi da Kirista, ba su yarda da shi ba, yayin da wasu suke karɓar sauyi a tsakanin dabbobi da tsirrai. A fannin kimiyyar halittu kuwa, zaɓin yanayi ya zama ginshiƙi, musamman bayan an haɗa shi da ilimin gado a shekarun 1930 da 1940. Wallace da Darwin ba su san yadda gado yake aiki ba a 1858, domin aikin Gregor Mendel na 1866 bai shahara ba sai a 1900.

Aikinsa da nahiyar Afirka

Wallace bai yi bincike a Afirka ba, amma aikinsa ya shafe ta. A littafinsa The Geographical Distribution of Animals na 1876 ya raba duniya gida shida bisa ga dabbobinta, yana bin tsarin da Philip Sclater ya yi wa tsuntsaye a 1858. Afirka kudu da Sahara, har da Madagaska da kudancin Larabawa, ta zama yanki guda, hamada kuma ta zama iyaka tsakaninta da yankin Turai da arewacin Afirka. Masu bincike na baya sun ci gaba da nazarin wannan iyaka. A 1920 Angus Buchanan ya tashi daga Kano ta Damagaram zuwa Agadas da duwatsun Azbin yana tara tsuntsaye da ƙwari da ƙananan dabbobi domin gidan tarihin Lord Rothschild da ke Tring a Ingila.

Abin da ya gani game da koguna a Amazon yana da misali a Najeriya da Kamaru. Akwai wani biri mai ɗauke da sunan Sclater da ba a samunsa ko'ina a duniya sai tsakanin kogin Neja da kogin Kuros. Haka kuma kogin Sanaga na Kamaru ya raba manyan birai biyu 'yan'uwan juna, diril a arewa da mandiril a kudu. A 1867 Wallace ya goyi bayan hasashen Darwin cewa dole akwai faɗa-wuta mai dogon harshe a Madagaska da yake shan ruwan zaƙin wani fure mai zurfin kusan santimita 30, ya kuma nuna cewa akwai makusancinsa a nahiyar Afirka. An bayyana wannan ƙwaro a 1903.

Ana ganin zaɓin yanayi a fannin lafiya ma. A tsakiyar shekarun 1950, a wani shirin feshin maganin sauro a yankin Birnin Kebbi, an gano sauron da maganin dieldrin ya daina kashewa: feshin ya kashe marasa juriya, masu juriya suka rage suka hayayyafa. Irin haka ne ya faru da maganin kulorokwin da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu rukunin jini AS sun fi samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne dalilin da ya sa ƙwayar gadon sikila ta yawaita a ƙasashe irin su Najeriya, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake ɗauke da ita.

Ƙarshen rayuwa da karramawa

Wallace ya auri Annie Mitten a 1866, suka haifi 'ya'ya uku, ɗaya ya rasu yana ƙarami. Bai taɓa samun aikin dindindin a jami'a ko gidan tarihi ba, kuma ya yi asarar yawancin kuɗin da ya samu a hannun jari. Ya dogara da rubutu da duba takardun jarrabawa har zuwa 1881, lokacin da Darwin ya sa baki gwamnati ta ba shi fansho na fam 200 a shekara. A 1870 ya ci wata caca ta fam 500 da John Hampden, mai da'awar cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce, ta hanyar awo a kan wata doguwar mashigar ruwa, amma shari'ar da ta biyo baya ta ci masa fiye da abin da ya samu.

Ya shiga harkokin jama'a sosai. Ya shugabanci ƙungiyar neman mayar da filaye mallakar al'umma daga 1881, ya goyi bayan 'yancin zaɓe ga mata, ya kuma yi gargaɗi a kan sare dazuzzuka a ƙasashe masu zafi. Wasu ra'ayoyinsa sun rage masa daraja a idon masana, musamman imaninsa da masu da'awar magana da ruhohin matattu, da adawarsa da tilasta rigakafin agana, cutar da rigakafin ne ya kawar da ita daga duniya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 1980.

Ya sami lambobin yabo da dama, ciki har da lambar Darwin a 1890, da lambar Copley da lambar girma ta Order of Merit a 1908. A wannan shekara Linnean Society ta ba shi lambar zinariya ta Darwin da Wallace, a bikin cika shekara 50 da karanta takardunsu. Ya rasu a gidansa da ke Broadstone a yankin Dorset yana da shekara 90, aka binne shi a can. An sa allon tunawa da shi a majami'ar Westminster Abbey a 1915, kusa da kabarin Darwin, kuma a ranar 7 ga Nuwamban 2013 aka buɗe mutum-mutuminsa a gidan tarihin halittu na Landan. Yankin tsibiran da ke tsakanin Asiya da Ostareliya, gabas da layinsa, ana kiransa Wallacea.